Tarihin Aikin Jinya a Ƙasar Katsina: Misali daga Kafinsoli da Kewayenta

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a asibiti zai tarar yawancinsu baƙi ne. Asibiti da likita da nas da sista da bandeji da filasta duk daga Ingilishi aka aro su, allura kuwa daga Larabci ta zo. Amma kalmar jinya, ko jiyya kamar yadda wasu ke faɗi, ta gida ce. Wannan ya nuna aikin kansa ya daɗe a ƙasar Hausa. Abin da ya zo daga baya shi ne mayar da shi sana'a wadda ake koyo a makaranta, a ci jarrabawa, a sami takardar shaida, sa'an nan a riƙa karɓar albashi.

Manufar wannan lacca ita ce bin diddigin yadda wannan sauyi ya auku a ƙasar Katsina, da kuma dalilin da ya sa amfaninsa bai game karkara ba tukuna. An ɗauki Kafinsoli a matsayin ma'auni. Garin manoma ne a Ƙaramar Hukumar Kankiya, maƙwabciyar Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina, kuma ƙasar Kankiya tana cikin wuraren da aka fara gwada kai aikin lafiya ƙauyuka a Nijeriya ta Arewa. Za a nuna cewa ƙarancin nas a irin waɗannan garuruwa, musamman nas mata, ya samo asali ne daga ƙofar da aikin ya shigo ta cikinta, da kuma jinkirin da aka yi wajen ilmin 'ya'ya mata.

Jinya Kafin Zuwan Turawa

Kafin zuwan Turawa, kowane gari na ƙasar Hausa yana da masu ba da magani, kowa da fanninsa. Wanzami shi ke yin kaciya da ƙaho da cire beli. Maɗori shi ke ɗora karaya. Ungozoma ita ke yanke cibi, ta kula da mai jego da jaririnta. Akwai boka da 'yar mai ganye masu saiwoyi da sassaƙe, akwai kuma malami mai rubutu da tofi. Dukansu sana'a suke yi, ana biyansu ladan aikinsu, yawancinsu ma gado suka yi. To amma duk cikinsu babu wanda aikinsa ne ya zauna da maras lafiya dare da rana. Sukan yi nasu su tafi. Wadda za ta dama masa kunu, ta juya shi, ta wanke masa jiki, ta kwashe bayan gidansa, ita ce uwa ko kaka ko 'yar'uwa ko matar gida. Ba a biyan wannan aiki, domin haƙƙin zumunci ne, ladansa kuwa wurin Allah ake nema.

Jinyar gida tana da ƙa'idojinta, kuma biyu daga ciki sun yi tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Ta farko, baƙo ba ya ganin tsiraicin maras lafiya. Ta biyu, mace ita ke jinyar mace, shi ya sa ake cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Malaman ƙasar nan ba su jahilci jinyar wanda ba ɗan'uwa ba. Littattafan tarihin Musulunci sun ba da labarin Rufaida Al'aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira. Kazalika Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ciki har da ciwon ido da basir. Abin da babu shi ne makaranta da hukumar da za su mayar da jinya aikin jama'a. Rauninta ya fito fili a shekarar marisuwa, watau 1918, sa'ad da annoba ta kwantar da gidaje ɗungum, mai jinya da majinyaci duk suna kwance.

Malamin Asibiti na En'e

Turawa sun shiga Katsina a 1903. Asibitocin da suka fara ginawa a Arewa na sojojinsu ne da ma'aikatansu. A kudancin Nijeriya 'yan mishan ne suka kai wa talakawa asibiti, alal misali na Abeokuta a 1895 da na Iyi-Enu kusa da Onica a 1907, kuma da yake suna da makarantun 'yan mata, daga nan suka riƙa ɗibar waɗanda za su koya wa jinya. A masarautun Musulmi kuwa gwamnati ta taƙaita shigar 'yan mishan, saboda haka asibitocinsu suka tsaya a wurare irin su Vom da Wusasa. Sai a 1937 aka yarda wa mishan ɗin Sudan Interior su kama aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina.

Ƙofar da ta rage ita ce ta En'e. A Katsina aka fara kafa baitulmali, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuma da kuɗin harajin talakawa aka gina asibitin birni da ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai. Waɗanda aka ɗauka aiki samari ne da suka yi elementare ko midil. Akan koya musu wanke gyambo da ɗaure shi, da auna magani, da yin allura, da rubuta sunayen masu zuwa a littafi. Da yake suna karatu da rubutu, jama'a suka sa musu suna malaman asibiti, sunan da ya bi ma'aikatan lafiya har yau. An buɗe makarantar haɗa magunguna a Zariya a 1930, da ta tsabta a Kano a 1932, inda ake horar da duba-gari.

Wannan mafari ya bar alamomi biyu. Na farko, fuskar aikin jinya da mutumin ƙasar Katsina ya fara gani fuskar namiji ce. Matan aure da ke cikin kulle ba su zuwa wurinsa, mazajensu ne kan je su faɗi ciwon, su karɓo magani. Haihuwa kuwa ta ci gaba da zama a ɗaki, tsakanin mai naƙuda da tsofaffin gida. Na biyu, aikin bai sami daraja da wuri ba. Uban da ya sa ɗansa a makaranta ya fi so ya gan shi malamin hakimi ko akawu ko malamin makaranta, bisa ga ya gan shi yana taɓa gyambo da ƙazantar baƙi.

An so a gyara gefen mata. Wajen 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, da goyon bayan sarakuna. Sai dai ɗalibansu 'yan kaɗan ne, yawanci daga gidajen sarauta, kuma da zarar yarinya ta isa aure sai a cire ta. Ke nan babu inda za a ɗebo nas mata 'yan ƙasa, dole aka dogara ga sistocin Turawa da 'yan Kudu.

Gwajin Kankiya

Tun zamanin Turawa an san Kafinsoli da cibiyar gwajin noma, inda ake gwada iri da taki da garmar shanu. Harkar lafiya kuwa a Kankiya aka zaunar da ita, domin can ne mazaunin hakimi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, gwamnati ta fito da shirin raya ƙasa na shekara goma, kuma a ƙarƙashinsa aka kafa cibiyoyin lafiya na karkara domin su zama abin koyi. Akwai ɗaya a Ilaro, ɗaya a Auci, a Arewa kuwa aka zaɓi Kankiya da Argungu. Manufar ita ce a haɗa ba da magani da awon ciki da kula da yara da lamba da tsabtar gari a wuri guda, ma'aikata su riƙa fita rangadi ƙauyukan da ke kewaye.

Daga 1966 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da wani babban gwaji a gundumar Kankiya a kan zazzaɓin cizon sauro. An riƙa fesa maganin sauro a ɗakuna, ana kuma raba wa jama'a ƙwayoyi duk bayan wata biyu. Cutar ta ragu, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, daga nan masana suka koma Garki, a Jihar Kano ta wancan lokaci, suka sake nazari daga 1969 zuwa 1976. A daidai wannan lokaci kuma aka yi yaƙi da agana, aka fara a 1967, zuwa 1970 an kawar da ita daga Nijeriya.

In aka gwama waɗannan ayyuka biyu za a ga wani darasi. Agana cuta ce da ayarin ma'aikata zai shigo gari da safe, ya yi wa kowa lamba, ya tashi da yamma, an gama. Amma zazzaɓin yaro da doguwar naƙuda da zubar jini bayan haihuwa ba su jiran ranar rangadi. Suna bukatar ƙwararren da ke kwana a garin, wanda za a buga wa ƙofa da tsakar dare. Wannan gurbi shi ne na nas da ungozoma mai horo, kuma shi ne ya fi wuyar cikewa.

Yadda Jinya ta Zama Sana'a Mai Rajista

Tsarin horar da nas da Nijeriya ta gada daga Ingila ya fito, inda Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas na Landan a 1860. A nan gida an kafa hukumar ungozoma a 1930, da majalisar nas a 1947, wadda ke tsara jarrabawa da riƙe rajista. A 1952 aka buɗe makarantar jinya ta asibitin jami'a a Ibadan. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar Nightingale, ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci nas na wannan asibiti a 1964, a 1965 kuma ta zama shugabar nas ta ƙasa baki ɗaya. A wannan shekara ce Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digiri a fannin jinya. Ƙungiyar nas da ungozoma ta ƙasa ta kafu a 1977, sa'an nan doka ta 89 ta 1979 ta haɗe hukumomin nan biyu suka zama Majalisar Nas da Ungozoma ta Nijeriya. A 1981 kwamitin sasanta rigingimun ƙwadago ya yanke cewa jinya sana'a ce mai cin gashin kanta.

Mai lura zai ga yawancin waɗannan matakai a Kudu aka taka su. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta yi ƙoƙarin cike gurabu da 'yan ƙasa, amma rikicin 1966 ya tona asirin giɓin, sa'ad da ɗimbin ma'aikata 'yan Kudu suka koma gida, asibitoci suka wayi gari hannu bai isa ba. Bayan haka lardin Katsina ya shiga Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, har aka ba Katsina tata jihar a 1987. Jihar tana da makarantar nas a birnin Katsina, da ta ungozoma a Malumfashi, da makarantun fasahar lafiya a Kankiya da Daura.

A nan akwai bambancin da ya kamata a fayyace, domin mutumin ƙauye duk wanda ya gani da farar riga malamin asibiti ne, ko ma likita. Makarantun fasahar lafiya, irin ta Kankiya, ma'aikatan lafiyar al'umma da na tsabtar muhalli suke yayewa. Irinsu sun yawaita ne bayan shirin lafiya a matakin farko na 1975, da taron Alma-Ata na 1978, da kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya, daga 1985 zuwa 1992, lokacin da aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin ƙananan asibitoci. Nas kuwa hanyarsa dabam ce. Sai ɗalibi ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare, watau Ingilishi da lissafi da fizis da kimistiri da bayoloji. Tsohon tsari shi ne karatun shekara uku, rabi a aji rabi a gefen gadon majinyaci, sa'an nan jarrabawar Majalisa da lasisin da ake sabuntawa. Wanda ke son ƙarin ilmin ungozoma ya ƙara wata 18. Digirin jami'a shekara biyar ne. Majalisar ta kuma umarci makarantun su koma kwalejoji masu ba da difloma, ta sa 2023 a matsayin wa'adi.

Sakamakon wannan rabo shi ne nas suka taru a manyan asibitocin jiha da na tarayya, ƙananan asibitocin garuruwa irin su Kafinsoli kuwa yawanci aka bar wa ma'aikatan lafiyar al'umma. Ko da yake daga baya an mayar da kula da matakin farko hannun hukumomin jiha, rabon ma'aikatan bai sauya sosai ba. Ma'aikatan al'umma sun yi aiki mai yawa, su ne ƙashin bayan rigakafi, amma horonsu bai kai ga ɗaukar nauyin majinyacin da ya galabaita ba.

Matsalar Mata

Farashin wannan giɓi mata ne suka fi biyansa. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka nazarci haihuwa 22,774 a asibitin Zariya. Sun gano mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan naƙuda ta yi tsanani, kuma haɗarin ya ragu ƙwarai a tsakanin matan da suka yi karatu. A Babbar Ruga kuwa, likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a 1983, ya tarar da mata masu yoyon fitsari da yawa, har ya koma yi musu aiki, kuma daga baya wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan lalura. Yoyon fitsari yawanci doguwar naƙuda ke haddasa shi, watau lalura ce ta rashin wanda zai gane haɗari da wuri ya ce a ɗauki mace zuwa babban asibiti.

Dalilin rashin nas mata bai ɓuya ba. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya shigar da 'yan mata aji, amma daga firamare zuwa cin fizis da kimistiri tafiya ce mai nisa ga yarinyar da makarantarta ba ta da ɗakin gwaji ko malamin fannin, kuma ana maganar aurenta tun tana aji uku. Matsalar sai ta zama zobe: maigida ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, amma 'yarsa da za ta iya zama ungozoma ba ta kai ga ƙofar makarantar ba.

An gwada ɓalle wannan zobe tsakanin 2012 da 2020, da wani shiri mai tallafin gwamnatin Ingila wanda ya fara da jihohin Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe. Dabararsa ita ce al'umma ta zaɓo 'yarta, ko budurwa ko matar aure, a ba ta karatun share fage har ta cike darussan kimiyya, ta shiga makarantar nas ko ungozoma, bisa alkawarin za ta koma garinsu ta yi aiki. Shirin ya nuna iyaye da mazaje da dagatai da limamai sukan yarda, in an shawarce su, an kuma tanadi masauki mai mutunci da wurin renon yara.

Nas da Mai Jinya

Horarwa rabin aiki ne, riƙewa shi ne sauran rabin. Nas yakan bar ƙauye ya nemi birnin Katsina, na Katsina ya nemi asibitin tarayya a Kano ko Abuja, na can kuma ya nemi Saudiyya ko Ingila. A 2024 magatakardan Majalisar Nas da Ungozoma ya bayyana cewa nas 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku. Dalilan sanannu ne: albashi, da yawan aiki, da rashin gidan ma'aikata da ruwa da wuta, da rashin makarantar kirki ga 'ya'ya, daɗin daɗawa ga rashin tsaron da ya addabi sassan Jihar Katsina tun ƙarshen shekarun 2010.

Saboda haka tsohuwar jinyar gida ba ta gushe ba, asibiti ta biyo majinyaci. Wanda ya shiga ɗakin kwanciya a babban asibiti zai tarar kusan kowane gado da tabarma a gefensa. Mai jinya ita ke ɗebo ruwa, ta kawo abinci, ta sayo magani, ta yi wanki, ta kira nas in numfashi ya sauya. Nas kuwa shi ke auna zafin jiki da hawan jini, ya ba da magani a kan ƙa'ida, ya sa ƙarin ruwa, ya wanke rauni, ya rubuta abin da ya gani, ya san lokacin da za a tashi likita. Iyalin da suka taso daga Kafinsoli ko Kusada da maras lafiya, mutum biyu suke cirewa daga gona da gida, kuma in da damina ne, asarar takan kai har rumbu.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna jinya ta bi matakai uku a ƙasar Katsina: haƙƙin zumunci a hannun matan gida, aikin En'e a hannun samari, sa'an nan sana'a mai rajista wadda ta fi zama a birane. Kowane mataki ya ƙara ilmi da daraja, amma ya ƙara nisa daga ɗakin da mace ke naƙuda.

Ɗalibin da ke sha'awar wannan sana'a ya kamata ya san aiki ne na kwanan zaune da tsayuwa, mai bukatar haƙuri da riƙon amana da rufa asirin mutane, kuma mai haɗarin kamuwa da cuta. Sai dai sana'a ce da ba ta rasa kasuwa, tana da matakan ƙarin girma har zuwa koyarwa a jami'a, kuma wanda ya iya harshen majinyaci, ya san abin da kunya ke hana shi faɗi, yana da abin da baƙo ba shi da shi.

Ma'aikacin gwamnati kuwa, maganin yana cikin fayilolin da ke gabansa. Malamin kimiyya a sakandaren 'yan mata ta karkara, da gurbin karatu ga kowace mazaɓa, da ɗaukar wadda ta gama aiki ba tare da jinkiri ba, da gidan ma'aikata kusa da asibiti, da alawus ɗin zaman ƙauye wanda ake biya a kan kari, duk abubuwa ne da ake yanke shawararsu a ofis. Gina asibiti yakan ɗauki shekara guda, samar da nas kuwa daga aji ɗaya na sakandare yakan ɗauki shekara tara ko goma. Ke nan nas ɗin da za ta kwana a Kafinsoli nan da shekara goma tana firamare a yau, kuma ko za ta kai ko ba za ta kai ba, ya danganta ga abin da iyayenta da hukuma suka yi mata tun yanzu.